Gaisuwar da Ta Kusa Kashe Sani

Sani yana raye, mun gode Allah, shi ya sa hannuna ya iya riƙe alƙalami. Ba Sani ne sunansa ba. Shi ya zaɓi wannan sunan ranar da na ce masa zan rubuta jinyarsa don wasu su kiyaye, ya ce in dai zan fara faɗin laifina kafin nasa to bismilla. To ga laifina.

Sunana Usman, haifaffen Jidda, kakana ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Kano bai koma ba. Gyaran mukayyif nake yi, na'urar nan ta sanyaya ɗaki, ina da ɗan shago a Aziziyya. Kuma ni mashayi ne. Na san wani zai ɗaga gira ya ce mashayi a Jidda, tafiyar awa guda zuwa Makka? E, mashayi a Jidda, ka ajiye girarka. Shekara goma sha ɗaya na yi ina shan sadiƙi, giyar nan da ake dafawa a ɓoye a ɗura a gorar ruwa, fara tas, ko uwarka ta gani sai ta ce ruwa ne. Yanzu shekarata huɗu ban kurɓa ba. Ba wai na fi kowa tsoron Allah ba ne. Wani ɗaki ne a saman wani ofis a Bagdadiyya, inda muke haɗuwa duk Jumma'a bayan la'asar, mu goma sha wani abu, da Misirawa da 'yan Sudan da 'yan Indiya. Muna bin matakai goma sha biyu, na farkonsu shi ne mutum ya faɗa da bakinsa cewa abin nan ya fi ƙarfinsa. Ni kaɗai ne Bahaushe a cikinsu.

Wani tsoho ɗan Sudan, Amm Bashir, shi ya riƙe min hannu tun ranar da na fara zuwa, shi kuma ya ba ni aikin ƙofa, wato tarbar sabon zuwa. Ya ce min:

"Ya Usman, ka ba shi shayi, ka nuna masa kujerar da ke kusa da ƙofa don ya san in ya so fita ba mai tare shi. Sunansa na farko kawai, shi ma in ya ga dama. Kada ka tambaye shi komai. Mutumin da ya hawo benen nan ya riga ya ƙarar da ƙarfinsa a matakala."

Wata takwas na yi ina wannan aiki ba kuskure, har ina jin kaina. Ashe sauƙin da na samu don ba nawa ba ne ke zuwa. Me zan tambayi ɗan Indiya? Ina na san garinsu?

Wata Jumma'a sai ga wani dogon mutum baƙi ya hawo, shekarunsa za su kai talatin da takwas, farar jallabiya a goge, hannu a aljihu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, na ji ya ce a hankali, "Wash, Allah." Wallahi wani daɗi ne ya lulluɓe ni. Shekara uku ina faɗin ciwona da Larabci, yau ga wanda zan faɗa wa da harshen da uwata ta yi min faɗa da shi. Duk abin da Amm Bashir ya koya min ya bi iska. Na kama hannunsa da hannu biyu.

"Lale, lale! Sannu da zuwa ɗan'uwa! Ya hanya, ya iyali? Mutumin ina ne?"

Ya ce Katsina, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"A'a, Katsinawa! Wa ya kawo ka Jidda? Tsaya, tsaya, na san fuskar nan. Ba kai ne ɗan ƙanwar Baba Isiyaku mai turare ba, direban nan na Abhur? Ai ni nake gyara masa mukayyif!"

Ina ta washe baki kamar wanda ya tsinci kuɗi. Shi kuwa fuskarsa ta yi fari, ya zare hannunsa daga nawa, ya ce ya manta waya a mota. Na ɗauko masa shayi na tsaya da kofin a hannu har ya huce, bai dawo ba. Amm Bashir bai iya Hausa ba, amma ya gani. Ya ce, "Me ka ce masa?" Da na gaya masa, bai yi faɗa ba, sai ya ce, "Ka nuna masa cewa gobe duk unguwa za ta ji." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ku da kuka san mu kun san ba mugunta ba ce. Mu a wajenmu ba ka karrama baƙo ba sai ka gano gidansu, ka haɗa kakarsa da kakarka. A Jidda ma abin ya fi ƙarfi, don nan kowane Bahaushe sai da wani ya ɗauko shi. Amma a ƙofar ɗakin nan wannan karamcin guba ne, na kuwa ɗura wa Sani.

Sati biyar ban ga ƙeyarsa ba. Sati biyar kuma yana ci gaba da sha.

A sati na shida Baba Isiyaku ya kira ni, wai mukayyif ɗin ɗakin baƙi ya tsaya kuma akwai marar lafiya a ciki. Na je da safe da kayan aikina. Ina shiga na ga Sani kwance a katifa, ya rame, idonsa rawaya kamar an shafa kurkur, ƙafa a kumbure. Kafilinsa, wato ubangidan da yake yi wa tuƙi, shi ne ya ce ya tafi wajen danginsa har ya warke. Matar Baba Isiyaku, Hajiya Asabe, tana zaune a gefe da faranti cike da rake ferarre.

"Shawara ce Usman," in ji ta. "Rake muke ba shi da jiƙon da aka aiko daga gida. Da zamzam safe da yamma."

Idon shawara ne, ban musa ba. Amma ni hannunsa nake kallo. Ya ɗauki kofi zai sha, kofin yana bugun haƙoransa. Zufa ta jiƙa filo. Na san wannan rawar, na yi ta. Da Hajiya ta fita ɗauko min ruwa na durƙusa kusa da shi na ce, "Yaushe rabonka?" Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Shekaranjiya ta ƙare." Sai ya damƙi rigata da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Malam Usman, in ka buɗe baki ban yafe maka ba duniya da lahira. Kawu ne ya tsaya min aka yi min iƙama, takardar zama a ƙasar nan. In ya ji, in kafili ya ji, sai dai a tasa ƙeyata gida. 'Ya'yana huɗu ne a Katsina."

Na ce masa ba zan faɗa ba, amma ya yarda mu je asibiti yau ɗin nan, don mai sha kamar yadda yake sha in ya tsaya farat ɗaya ba magani, jiki yana iya tafiya da shi. Ya ce a'a. Na gyara mukayyif, na samu Baba Isiyaku a falo na ce a kai yaron nan asibiti. Ya ce an riga an yi magana da malam, gobe zai zo ruƙiyya, don jiya Sani ya ce yana ganin ƙadangaru suna bin bango. "Ka ga ai ba na asibiti ba ne wannan, ya Usman. Shigar mutanen ɓoye ce."

Ƙadangarun nan ni ma na gan su a zamanina, nawa har magana suke yi. Amma na yi alkawari, na haɗiye maganata na tafi. Ranar ban iya ɗaura ko kusa ɗaya daidai ba.

Washegari na rufe shago na koma da hantsi, na yi ƙaryar na manta sukudireba. Na tarar da gida cike. Malam yana karatu, an turara ɗaki da habbatus sauda, wata maƙwabciya tana cewa a shafa masa man zaitun a tafin ƙafa, wani yana cewa a nemo nonon raƙumi. Ban raina karatun Alƙur'ani ba, Allah ya tsare ni, ni ma da shi nake tsaye. Amma mutum yana ƙonewa a gabansu, kowa ya kawo nasa maganin, ba wanda ya tambaye shi me ke damunsa. Ana cikin haka jikinsa ya sandare, idonsa ya juye, ya fara fizge-fizge, kumfa a baki. Malam ya ɗaga murya yana cewa aljanin ne zai fita. Ni kuwa na ture mutane, na juya shi a gefe, yana lafawa na saɓa shi a kafaɗa.

"Ina za ka kai shi?" in ji Baba Isiyaku.

"Asibiti, Baba. Ka biyo ni ko ka zauna, halas, magana ta ƙare."

Ya biyo ni, da shi da wasu dattawa biyu na unguwa, muka cusu a motar aikina tare da bututun gas da tsani.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Mun yi kusan awa biyu a sashen gaggawa, ana neman iƙama, ana neman katin inshora, ana cewa kwamfuta ta ƙi buɗewa, Sani yana kan keken marasa lafiya yana kakkaɓe ƙwarin da ba wanda yake gani sai shi. Na yi masifa a wajen har mai gadi ya matso. Daga ƙarshe aka shigar da mu wajen wata likita, mace mai ƙaramin jiki da tabarau. Ta buɗe idonsa, ta danna cikinsa, ta sa ya miƙa hannu ta ga rawar. Ta dube mu ta yi tambaya ɗaya da Larabci.

"Yana shan giya?"

Baba Isiyaku ya yi tsalle kamar an taka shi. "Astagfirullah ya daktora! Wannan yaron a sahun farko yake salla. Gidanmu ba a san wannan ba." Dattawan nan biyu suka ce ƙwarai kuwa, shawara ce da iska.

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni ba 'yar sanda ba ce, ba kuma alƙali ba. In insihab ne, wato jiki yana neman abin da aka janye masa, maganinsa daban, kuma sai yanzu. In kuka bar ni ina lalube, zai iya sake faɗuwa bai tashi ba." Ta duƙa ta tambayi Sani, shi kuwa ba ya tare da mu, bango yake yi wa magana.

Sau ɗaya na riga na buɗe baki na kori mutumin nan, ga shi kuma na yi masa alkawari. Abin da na sani a kansa a ƙofar ɗakin nan na san shi, ba nawa ba ne da zan bayar. Amma akwai sirrin da yake nawa ne ni kaɗai, wanda ban da matata da shi Sani ba Bahaushen da ya sani a duk Jidda. Na ce:

"Daktora, ni dai mashayi ne. Shekara goma sha ɗaya na sha. Wannan rawar na yi ta, ƙadangarun nan na gan su. Ki duba shi kamar yadda za ki duba ni."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ja da baya kamar na ce ina da kuturta. Likitar ta kalle ni daƙiƙa biyu, ta ce, "Shukran," ta juya tana kiran ma'aikatan jinya. Kafin minti goma an sa masa ruwa, an yi masa allura.

Ba zan yi muku wayo ba. Ban ce Sani yana sha ba, amma duk wanda ke tsaye a wajen ya gane. Na karya alkawari ta bayan gida, na sani, kuma ko yau aka mayar da ni ɗakin nan abin da zan faɗa ke nan.

Kwana uku na farko yana ɗaure da na'urori, barci yake yi, in ya farka bai san kowa ba. Baba Isiyaku ya ce kada in sake taka ɗakin. Na ce to, na zauna a baranda, ai baranda ba ta kakansa ba ce. Kullum da safe kafin in buɗe shago ina nan a kan benci. A rana ta huɗu Hajiya Asabe ta fito da kwanon kunu, ta dube ni ta dubi hanya, ta ce, "Alhaji sai azahar zai zo. Shiga ka ba shi, ni ya ƙi karɓa a hannuna." Allah ya saka wa matar nan da alheri. Ba ta taɓa yi min maganar abin da na faɗa ba, sai dai daga ranar raken ya daina zuwa.

Ya karɓi kunun amma bai yi min magana ba. Haka rana ta biyar, haka ta shida. Ni ke kai shi banɗaki, ni ke goge masa baya, ni ke bin ma'aikata kan sakamakon jini da kullum ake ce min sai gobe, shi kuma yana kallon silin kamar ba shi ake yi wa ba. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Har na kira Amm Bashir na ce mutumin nan ba shi da godiya. Ya ce, "Godiya ka je nema ko ransa?" Na kashe waya ina ƙunƙuni.

A rana ta bakwai Sani ya ce, "An kira 'yan sanda?" Na ce ba a kira kowa ba. "Kafili fa?" Na ce takardar da aka ba shi ciwon hanta ta ce, kuma gaskiya ne. Sai hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Ranar nan da na zo ɗakinku, sau uku ina zagaya ginin kafin in hawo." Na ce na sani, ni sau biyar na zagaya. Na roƙe shi gafarar gaisuwar da na yi masa. Ya ce wannan ya yafe, amma ta asibiti sai ya yi tunani. Na ce ya yi tunaninsa a hankali, tunda yana da ran da zai yi shi.

Kwana goma sha ɗaya aka sallame shi. Inshorar kafili ta ɗauki gadon, magunguna kuwa rabi mu muka saya. Likitar ta ce masa hantarsa ta ji jiki amma ba ta mutu ba, in ya bar ta za ta yafe masa, in ya koma ba ta da abin da za ta ƙara yi masa. Aka hana shi gishiri, aka ba mu ranar dawowa duk sati biyu, layin da in ka zo bakwai na safe sai azahar.

Sai dangi suka dawo da sabuwar dabara. Tunda abu ya fito, a kai shi umra ya tsaya gaban Ka'aba ya rantse ba zai ƙara ba, shi ke nan a rufe zance. Na ce a kai shi umra, wannan alheri ne. Amma rantsuwar nan ni sau uku na yi ta ina kuka da gaske, ta ukun ko sati ban cika ba. Wanda bai ɗanɗana ba yana ganin ƙarancin imani ne. Ciwo ne, kuma mai shi yana bukatar mutanen da zai gaya wa gaskiya kowane sati ba su zare ido ba. Suka ce ni ne ma na koya masa. Ni da ban taɓa zama da shi ba sai ranar da na kore shi.

A sati na uku bayan sallama ya kira ni da kansa ya ce in zo mu je ɗakin nan na Bagdadiyya. Na roƙi wani Bamisire ya tsaya a ƙofa a madadina, ni na zauna can ƙurya na kama bakina. Sati huɗu yana zuwa bai ce uffan ba, ba wanda ya matsa masa. A na tara ya sha, kwana biyu. Ranar Jumma'a ya hawo da ƙafarsa yana wari, ya faɗa a gaban kowa. Ba wanda ya yi salati. Aka matsa masa kujera, washegari muka koma wajen likita. Daga ranar zuwa yau wata bakwai ke nan, ya koma tuƙinsa, idonsa ya yi fari. Ban ce ya warke ba, mu ba ma cewa haka, yau kawai muke ƙirgawa.

Duk wanda Allah ya sa zai tarbi irinmu, a Jidda ne ko a Kano, ya riƙe harshensa. Ko ka san shi tun yana tsumma, ka yi kamar yau ka fara ganinsa. Ku kuma masu jinya, in likita ya tambaya ku faɗa, ba a maganin abin da aka ɓoye.

Ni kuwa labarina ya zaga Aziziyya kafin Sani ya fito daga asibiti. Gidaje da dama sun daina kirana gyara. Wanda muke sahu ɗaya da shi shekara ashirin yanzu sai ya bar tazara. Matata ta ce, "To ai ka huta da ɓoyo," ta ci gaba da girkinta. Mukayyif dai ba ya tambayar tarihin mai gyara, kuma zafin Jidda bai ragu ba, wasu sun fara dawowa a ɓoye.

Jumma'ar da ta wuce muna fitowa masallaci na yi kiciɓis da Baba Isiyaku. Na miƙa masa hannu, ya mayar da nasa baya, a gaban mutane.

"Shekara arba'in ina gina suna a garin nan," in ji shi, "ka zubar min da shi a minti ɗaya."

Na so in yi shiru don dattijo ne. Ban iya ba.

"Baba, da na yi shiru ranar nan da sunanka yana nan cif. Da an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanka kwana uku, kowa ya zo ya ce shawara ce, Allah ya ji ƙansa, yaron kirki. Da ka kira ƙanwarka a Katsina ka gaya mata. Wanne ka fi so?"

Ya kalli tsallaken titi, ni ma na kalla. Sani ne tsaye jikin mota da sallaya a kafaɗa, yana cin sandwici kamar wanda ya kwana da yunwa, ya ɗaga mana hannu mu biyun.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka ce masa ya rage cin abin titi, likita ta hana shi gishiri."